Ranar da Baba Albert Ya Ce Babu Ruwa

Shekara ashirin da biyu Albert Didam ya yi yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe masaƙar, sai ya kwashe iyalinsa ya koma Kakau, ya kama noman masara. Shekara biyu a jere irinsa yana ƙonewa a ƙasa: ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ya shuka, sai ruwa ya ɗauke.

Ganin haka, 'yarsa Juliana, wadda take aikin jinya a cikin gari, ta sayo masa babbar waya, ta buɗe masa wani shafi na hasashen yanayi.

"Baba, duba nan. Daga sama aka ɗauko hoton nan, yau da safe."

Ya saka tabarau. Ga Najeriya dukanta a tafin hannunsa, gizagizai suna tafiya a kanta. Ya ƙura wa hoton ido. Hadarin da ya sauka a Kakau da la'asar ɗin nan, tun azahar ya gan shi a wayar yana haɗuwa can gabas. Da ruwan ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban waya yana duban sama.

Daga ranar ya zama ɗalibi. Yana kallon bidiyon da ke bayanin yadda hadari ke haɗuwa, yana rubuta abin da ya gane a littafi. Ya kafa gwangwani a tsakar gida yana auna ruwa da rula.

Damina ta gaba, aka yi ruwan farko a Afrilu, kowa ya ɗauko fartanya. Baba Albert ya tari maƙwabcinsa na gona, Malam Zakariyya'u.

"Malam, ka dakata da shuka. Na ga alamar ruwan zai ɗauke."

"Baba Albert, ruwa ai na Allah ne."

"Na Allah ne. Wayar ma ba ta ce nata ba ne."

Malam Zakariyya'u ya yi dariya, amma ya dakata. Kwana goma sha bakwai ko ɗigo ba a yi ba. Waɗanda suka shuka suka yi asarar iri, mutanen unguwa suka riƙe baki. Aka fara zuwa ƙofarsa: mai biki yana tambayar ranar kafa rumfa, mai gini yana tambayar ranar buga rufi. Da farko abin ya tsorata shi. Daga baya ya saba, har ya daina cewa "wataƙila".

A watan Oktoba wata bazawara mai suna Patience ta zo da sassafe. Ta gama casar masararta, noman shekara guda cur, tana son shanya ta a kan dandamalin bakin titi. Baba Albert ya duba waya. An rubuta yiwuwar ruwa kashi ashirin cikin ɗari.

"Shanya abinki, 'yata. Babu ruwa yau."

Ta shanya, ta tafi kasuwa.

Wajen ƙarfe biyu iska ta taso, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya ɗauki tamfol ya ruga, amma ruwan ya riga shi. Da ya isa, masarar tana bin ruwa zuwa kwalbati, rawaya a kan jar laka. Ya tsaya da tamfol a hannu, ya kasa ko buɗe shi. Patience ta sauko daga kan acaba, ta dubi dandamalin, ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, kai ka ce."

Ya juya gida da tamfol ɗinsa a hannu.

Kwana uku bai taɓa wayar ba. Da Juliana ta zo ranar Asabar, suka zauna suka nemo darasin da ya yi bayanin waɗannan lambobi. Ta karanta masa a hankali: in an ce kashi ashirin, to a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, ana sa ran ruwa a biyu. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya cire tabarau ya dafe kai.

"Ashe an faɗa mini. Ni ne na mai da ashirin ta zama babu."

Washegari bayan an tashi daga coci, ya ɗora buhu biyu na masararsa a baro ya kai gidan Patience. Ta ƙi karɓa. Sai da matarsa ta sa baki sannan ta ɗauki ɗaya. Ya yi mako yana taya ta tsince wadda aka ceto, suna ware mai fumfuna.

Har yanzu mutane suna zuwa, sai dai sun ragu, domin ya daina yanke wa kowa hukunci. Yakan miƙa wayar ya ce, "Ga abin da aka rubuta, ga ma'anarsa. Sauran kai za ka yanke." Wasu suna jin haushin hakan. Patience kuwa ta sayi tata babbar wayar, ta sa Juliana ta saka mata shafin. Tana gaishe shi da ladabi in sun haɗu a hanyar gona, amma ba ta sake tambayarsa zancen ruwa ba.