Alfadarin da Ke Kabarin Rabaran

Otha Ragland ya yi shekara arba'in da huɗu yana yankan ciyawa a Jami'ar Hairston da ke Mississippi, kuma a idonsa shugabanni bakwai suka shigo da jawabi, shida suka fita da kwalayen kayansu. A gabansu kowa “Dakta” ne. A bayan idonsu kuwa akwai Mai Turare, wanda ake jin isowarsa tun motarsa tana bakin ƙofa. Akwai Janar, da ya kafa dokar hana taka ciyawa, har ranar da matarsa ta gano shi yana taka ta gidan wata mata a Jackson. Akwai kuma wanda bai kai a laƙaba masa suna ba, don wata takwas kacal ya yi.

An haifi Otha a 1953, a unguwar ma'aikata da ke bayan katangar makarantar. Uwarsa ta tafi Chicago neman aiki, ta bar shi a hannun kakarsa Lutie, wadda ta tsufa a kicin ɗin ɗalibai. Shi ma ya taɓa karatun, zango biyu, kafin darasin lissafi ya raka shi ƙofa. Washegari ya dawo ya nemi aiki.

“Ni da jami'ar nan mun fahimci juna,” in ji shi. “Ta ce ba ta ba ni digiri, na ce ni kuma ba inda za ni.”

Tarihin makarantar ba yaron da bai haddace ba. Rabaran Isom Hairston, wanda aka haifa bawa, ya buɗe ta a 1884 a cikin rumbun auduga, da ɗalibai goma sha ɗaya. Ya rasu a Yulin 1921. Kabarinsa na tsakiyar fili, da farin dutse da shingen ƙarfe. Duk ranar tunawa da shi, a watan Maris, 'yan badujala su buɗe, mawaƙa su ɗauka, shugaba ya durƙusa ya ajiye furanni. Ɗalibai na shafa dutsen kafin jarrabawa. A jikin shingen nan ma Otha ya nemi auren Vernell, ta ce ta yarda tunda Rabaran ne shaida.

Yana da shekara talatin da shida kakarsa ta kira shi, wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Tana baranda tana ɓarar wake.

“Zauna, Otha. Wa kake yi wa shara a kabarin nan?”

“Rabaran mana, Kaka.”

“Sanata kake yi wa.”

“Wane sanata?”

“Alfadarin makaranta. Rabaran ne ya sa masa sunan, don ci yake ba ya motsi.”

Ya zaci tsufa ne ya taɓa ta. Sai ta ba shi labarin tiryan-tiryan, hannunta bai daina ɓarar wake ba. A shekarunsa na ƙarshe Rabaran ya matsa wa manoma baƙaƙe su mallaki gonakinsu, su daina noma wa wasu. Turawan yankin suka rantse tunda ya kuɓuce musu da rai, za su tono gawarsa su rataye a gaban kotu. Matar marigayin ta kira maza biyu da ta amince da su, da Lutie, lokacin tana 'yar shekara goma sha takwas. Da rana tsaka suka ɗora gawar a amalanke, suka rufe da buhunan dankali, suka shigar da ita ɗakin bandar nama da ke bayan kicin. A ciki suka haƙa, suka binne shi, suka mayar da katakon daɓe. Akwatin da jama'a suka bi suna kuka, bulo ne a cikinsa.

“To ina alfadari ya shigo?”

“A satin ya mutu shi ma. Ka san zafin Yuli, ka san ƙasar nan. Mazan suka ce ba mai ƙara haƙa wani ramin. Suka faɗaɗa kabarin tsakiyar fili, Sanata a ƙasa, akwatin bulo a sama.”

“Ya Ubangiji! To ɗakin bandar fa? Ai an rushe shi tun ina yaro.”

“An rushe, an zuba kwalta. Je ka ƙirga taku goma sha biyu daga tsohon famfo, ka ga inda za ka tsaya.”

Ta sa shi ya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse ba zai faɗa ba sai in ya zama dole. Ita kaɗai ta rage cikin huɗun, kuma ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Da safe ya je ya ƙirga. Taku na goma sha biyu ya kai shi gaban allon da aka rubuta “Wurin Motar Shugaban Jami'a Kaɗai”. Shi da kansa yake sabunta fentin layin duk watan Agusta.

Daga ranar aikinsa ya ƙaru. Kullum da safe ya share wurin motar kafin shugaba ya iso. Motar Janar tana ɗigar da baƙin mai, Otha ya riƙa shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, har Janar ya yaba masa a taron ma'aikata, ya ce da kowa na da biyayya irin tasa da makarantar ta wuce haka. Ranar tunawa kuwa Otha yakan tsaya can baya da hula a ƙirji, yana kallon shugaba mai digiri uku ya durƙusa yana sharar hawaye a kan Sanata. Kafaɗunsa su yi ta rawa. Mutane suka ɗauka kuka ne, har aka san shi da taushin zuciya.

Haka aka yi ta tafiya kusan shekara talatin, sai aka naɗa Dakta Corliss Mabry. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, tsohuwar ɗalibar makarantar da ta yi suna a wata babbar jami'a a arewacin ƙasar. Otha ya sa mata Guguwa tun satin farko. Ta kawo ƙwararru daga Atlanta, samari masu matsattsun kwat, suka tara ma'aikata a zaure suna haska hotuna a bango. Shirin shekara ashirin ne. Otha ya ga irinsa sau biyar, ya san inda ake ajiye su, don shi yake kai su sito. Ya gyara zama zai ɗan runtsa, sai ya ga hoton wani dogon gini na gilashi, makarantar koyon jinya, zaune daram a tsakiyar fili. Wani saurayi ya yi bayani cewa za a tono Rabaran cikin girmamawa, a mayar da shi gaban coci, da 'yan jarida da kyamarori, a gaban jikokinsa.

Barcin ya gudu. Ya hango bishop da jikoki da 'yan talabijin sun kewaye rami, ana fito da muƙamuƙi mai tsawon hannu.

Kwana uku yana juya abin. Ran na huɗu ya tsaya da tsintsiyarsa a wurin motar. Ƙarfe bakwai da rabi ta iso.

“Barka da asuba, Mista Otha.”

“Barka kadai, Dakta. Ranki ya daɗe, da za ki ɗan ja baya kaɗan.”

“Na hau layi ne?”

“A'a. Kan Rabaran kika hau.”

Ta sauke gilashin motar ƙasa gaba ɗaya. Ya ba ta labarin a tsaye, tun daga buhunan dankali. Ba ta katse shi ba sai da ya kai ƙarshe.

“Mista Otha, kana sha ne?”

“Na bari tun tamanin da biyu.”

“Ni fa da bakina na sumbaci dutsen nan kafin jarrabawar kimiyyar haɗa magunguna.”

“Kin ci?”

“Da ƙyar.”

“To ai kin ga iyakar ƙoƙarin alfadari.”

Ta kifa kai a sitiyari. Ya ɗauka aikinsa ya ƙare, sai ya ga bayanta na girgiza. Da ta ɗago, kwalliyar idonta ta zubo. Ta ja motar baya a hankali, kamar mai tsoron tada wani, ta kai ta can wajen motocin ɗalibai.

Ba ta tsaya a maganarsa ba. Ta sa aka kawo wata na'ura mai kama da keken jarirai, wadda ke hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, aka ce wa masu tambaya bututun ruwa ake nema. A wurin motar aka ga alamar rami daidai tsawon mutum. A kabarin kuwa mai na'urar ya daɗe yana kallon allonsa, sannan ya tambaya ko marigayin ƙato ne ƙwarai.

Kwamitin amintattu ya zauna a asirce, aka kira Otha. Bai taɓa shiga ɗakin ba sai don ba furanni ruwa. Shugaban kwamitin, Bishop Lavelle Strong, mutum ne mai zobba huɗu da muryar da ba ta bukatar lasifika. Sau tara yana wa'azi a bakin kabarin.

“Ɗan'uwa Ragland,” in ji shi, “kana nufin shekara talatin kana kallona ina addu'a a kan dabba?”

“Addu'arka tana da kyau, Bishop. Na tabbata ta isa inda aka aike ta. Taku ɗari biyu ne kawai tsakani.”

Wani lauya ya shaƙe da shayinsa. Bishop ya kawo shawara a yi abin cikin hikima: a kafa tanti, a tono duka biyun ba mai gani, a haɗa wa jama'a akwati ɗaya, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Kawuna suka fara gyaɗawa.

Dakta Mabry ta ce, “Bishop, wata yarinya mai shekara goma sha takwas ta sa wuyanta a igiya don kada a wulaƙanta mutumin nan. Sunanta ba ya cikin ko littafi ɗaya na makarantar nan. In muka rufe alfadarin, mun rufe ta. Kuma ma'aikata shida ne za su yi tonon. Kun taɓa ganin sirrin da mutum shida suka riƙe a garin nan har Lahadi?”

Ba wanda ya taɓa gani. Aka kaɗa ƙuri'a, ta ci da ratar ƙuri'a ɗaya.

Kafin sanarwar ta fita, Otha ya ga ya kamata Vernell ta ji daga bakinsa. Ya jira ta gama soya tarwaɗa, ya ci ya ƙoshi tukuna, don ya san halinta.

“Wato,” ta ce, “shaidan aurena jaki ne.”

“Alfadari, Vernell.”

“Kada ka gyara mini! Shekara talatin kana kwana kusa da ni da wannan a cikinka? Ni da nake kai furanni duk ranar zagayowar aurenmu?”

“Rantsuwa na yi wa Kaka.”

“Ni ma ai ka yi mini, a gaban jakin!”

Sati biyu yana cin abincin kicin ɗin ɗalibai. Abin da ya sauko da ita shi ne wayar da ƙawayenta suka yi ta bugowa suna neman jin labarin daga tushe. Ta zama ita ce mai ba da shi, kuma a bakinta ta daɗe da zargin wani abu.

Tsofaffin ɗalibai suka rabu biyu. Wasu suka rubuto cewa an zubar da darajar makaranta. Wasu suka buga riguna da hoton Sanata sanye da hular digiri, suka ƙare a kwana biyu. Amma ranar da aka ɗaga kwaltar ba wanda ya yi dariya. An sami Rabaran naɗe da ragowar bargo, tabaransa a ƙirji. Jikanyarsa, tsohuwa a keken guragu, ta riƙe hannun Otha ta ƙi saki har aka gama. Wannan karon da kafaɗunsa suka yi rawa, kukan ne na gaske.

Aka binne Rabaran a gaban coci, aka rubuta sunaye huɗu a ƙasan nasa, na Lutie a ciki. Sanata aka kai gonar sashen noma, aka yi masa ɗan dutse. Ɗalibai suka bi shi can. Har yau dutsensa ya fi na Rabaran sulɓi, abin da ke ci wa Bishop rai ke nan.

Otha ya so ya ajiye aiki a shekarar, Dakta Mabry ta ce sai ya zauna a kwamitin tsara gaba, wakilin ma'aikata. Ya ce bai iya irin Turancinsu ba. Ta ce shi ya sa. Zama goma sha ɗaya aka yi, ya yi barci a tara. A na goma wani ƙwararre ya tambaye shi, cikin ladabin da ake yi wa tsoho, yadda yake hango jami'ar nan da shekara ashirin.

“Ban san shekara ashirin ba, ɗana,” in ji Otha. “Amma in ba a gyara magudanar bayan ɗakin kwanan mata ba, sabon gininku a cikin tafki zai tsaya. Duk ruwan filin nan can yake bi.”

Aka aika injiniya, ya dawo ya ce gaskiya ne. Aka sa maganar a shafi na sittin da ɗaya na shirin, layi biyu. Ginin gilashin har yanzu rabinsa ƙarafa ne, ana cewa baɗi. Magudanar kuwa an gama ta kafin ruwan bazara, kuma Otha, da ya riga ya miƙa makullan sito, yakan tuƙo tsohuwar motarsa duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya tsaya da lema yana kallon yadda take aiki.