Buba, wanda na kai ƙara gaban alƙali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni da safen nan ina shirin karyawa. Buba ya rasu.

'Yarsa Inno ce ta kira daga Batsari. Ta ce, "Baba, abokinka ya tafi bayan sallar asuba." Na ce to. Na ce Allah ya jiƙansa. Na ajiye waya.

Ban yi kuka ba. Mutanen gida suna ta shigowa yi min gaisuwa, ina amsawa, amma kamar wani ne ke magana da bakina.

Da yawa cikinku suna zaton tare muka tashi da shi. A'a. A kotu muka san juna, ni ne kuma na kai shi.

Zamanin Turawa ne, ana dab da samun mulkin kai. Shekarar ce mahaifina ya rasu, ya bar min gona ɗaya a bayan Ruma, da innata, da ƙannena mata uku. Ina saurayi, ko aure ban yi ba. Gero ya nuna, saura kwanaki a yi girbi, na je da safe na tarar shanu sun cinye rabi sun tattake saura. Na bi sawu har wata ruga. Aka ce min wanda ke kiwon garken sunansa Buba.

Kawuna ya ce in haƙura. "Kai yaro, wa ke kai kansa gaban alƙali da ƙafarsa?" Na ce, "Kawu, me su Inna za su ci da rani?"

Na taka har Batsari. Ban san ta inda ake farawa ba, sai na zauna a ƙofar kotu har hantsi, kafin muhuti, wato malamin da ke rubuta wa alƙali ƙara, ya kira ni. Ya tambayi sunana, da sunan wanda nake ƙara, da abin da aka ɓata min. Na biya kuɗin sammaci daga kuɗin zakaran da Inna ta sayar. Zan tashi ya ce, "Kana da shaidu?"

Na ce akwai sawun shanu.

Ya ce, "Samari, sawu ba shaida ba ne. In babu wanda ya gani, zai rantse ya tafi abinsa."

Ranar shari'a ga Buba, siriri, sa'ana, tare da baffansa. Alƙali ya nemi shaiduna, babu. Ya sa aka kawo Alƙur'ani. Na ga baffan ya zunguri Buba da gwiwar hannu. Ni kam na gama sallamawa, tunanin yadda zan kalli Inna kawai nake yi.

Sai Buba ya ce, "Allah gafarta Malam, a mayar da Littafi. Shanunmu ne. Ni na yi barci gindin kanya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Alƙali ya tura dattawa suka ƙiyasta ɓarnar, aka yanke wa Buba biyan gero. Baffan ya ce tunda shi ya buɗe baki, shi zai biya. Sai da Buba ya sayar da karsanar da mahaifinsa ya ba shi, ita kaɗai ce tasa a garken. Wannan ma ba daga bakinsa na ji ba, wasu suka gaya min bayan shekaru.

Da muka fito, hanyarmu ɗaya ce. Yana gaba ina baya. Da muka kai wani rafi ya tsaya, ya dama fura a ƙwarya ya miƙo min.

"Kaɗo, sha. Shari'a ta ƙare tun can."

Kaɗo ya ci gaba da kirana har tsufa, kamar yadda Fulani ke kiran Bahaushe.

Da rani ya zo ya sauke shanu a gonata suka zuba mata taki, bai karɓi ko zangarniya ba. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru. Da matata ta haihu, tasa ce ta fara zuwa da man shanu. Lokacin da aka ɗauke ni koyar da yaƙi da jahilci aka tura ni wajen Safana, shi ke leƙa Inna duk ranar kasuwa.

Na yi ta fama in koya masa karatun boko. Ya ce shanu ba su tambaye shi ba.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne. Rashin zaman lafiyar nan ya tashe su daga ruga, shanun sun tafi, yana zaune a ɗakin 'yarsa cikin gari, ido ya mutu. Ni ma yara sun ɗauko ni sun kawo Katsina. Ya riƙe hannuna bai saki ba har muka gama gaisawa.

Ya ce, "An shuka gonar nan bana?"

Na ce an shuka.

Ya ce, "Kaɗo, ba ka iya ƙarya ba. Ba mai zuwa wurin yanzu, na sani."

Muka zauna haka nan har aka kira la'asar. Da zan tafi ya ce in gaida yara.

An yi jana'izarsa ƙarfe goma. Ban samu zuwa ba, ƙafa ta ƙi, yara kuma sun ce hanya ba tsaro. Ina zaune a nan ina danna waya da yatsa ɗaya, ban san abin da zan yi da sauran yinin ba.

Ya Allah ka gafarta wa Buba, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inno da 'yan'uwanta haƙuri. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa Fatiha ɗaya.