Garin da Na Rubuta wa Kawu Iro

Ni ɗan malam ne, kada wani cikinku ya ce rashin tarbiyya ne ya kai ni. A Kurfi aka haife ni, a gidan da ake jin karatun allo tun daga bakin zaure. Na sauke Alƙur'ani, na yi elementare, na iya rubutun boko mai kyau. A wancan zamani, ana gab da samun 'yancin kai, wanda ya iya riƙe alƙalami a ƙasarmu ba ya rasa abin yi. Sunana ba zai amfane ku da kome ba, samari, ku dai ji abin da na yi da hannun nan nawa.

Akwai wani Alhaji a Katsina mai ofishin samo wa kamfanoni ma'aikata. Kamfani ya ce yana son magina da kafintoci da lebura, shi zai nemo su, albashinsu kuma ta hannunsa yake biyowa. Da aka zo gina wata gada kusa da Dutsin-Ma sai ya ɗauke ni wakilinsa. Aikina in nemo mutane, in cike wa kowa kati da sunansa da sana'arsa da garinsu, ƙarshen wata kuma in raba musu haƙƙinsu.

Dokar kamfanin ita ce, duk wanda ya baro garinsu daga nesa ana ba shi kuɗin hanya duk wata, ya je ya gano iyalinsa ya dawo. Albashi ana cire masa haraji, amma kuɗin hanya ba a taɓa su, wai ba riba ba ce, mayar wa mutum abin da ya kashe ne. Tunda ba haraji a kansu, babu ma'aikacin haraji da yake leƙa su. Ni ban ma lura da wannan ba sai da aka nuna mini.

Akawun kamfanin ne ya nuna mini, wani mai sanyin murya da ba ya rabuwa da tasbaha. Ya juya katunana ya ce, "Malam, kai duk mutanenka 'yan Kurfi da Wurma da Birchi ne? Ba ka da na nesa?" Na ce su na samu. Ya yi murmushi ya ce, "Nisan gari ai a bakin alƙalaminka yake. Kuɗin kamfani ne, ba na kowa ba."

Har yau idan na ji wani yana wannan magana, wai ba na kowa ba ne, sai in ji raina ya ɓaci. Ƙarya ce. Amma a ranar daɗi ta yi mini.

Da mutum ɗaya na fara. Wani lebura ɗan Wurma na mayar da shi mutumin Gusau, muka raba kuɗin hanyarsa da akawu. Wata ya wuce shiru. Na ƙara biyu, na ƙara biyar. Daga baya akawu ya ce in riƙa canza suna ma, kada wani ya gane mutum. Abin bai yi wuya ba, don a wurin aiki da lambar ƙarfe ake kiran ma'aikaci, ba da suna ba, kuma ba wanda ya iya karanta katinsa. Na sayi keke, na sayi agogo, ina shiga kasuwar Dutsin-Ma ana ce mini ranka ya daɗe.

Ana cikin haka sai Kawu Iro ya zo neman aiki. Ƙanen mahaifiyata ne, magini a Birchi, shi ya gina ɗakin da aka haife ni a ciki. Na cike masa kati, ya dangwala yatsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi ka rubuta?" Na ce, "Sunanka da garinku, Kawu." Ya ce Allah ya yi mini albarka. Abin da na rubuta shi ne Musa, magini, Talata Mafara.

Wata na huɗu da fara aikinsa, katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo ya bugu a ka, magana ta ɗauke. Motar kamfani ta kwashe shi tare da katinsa zuwa asibiti a Katsina. Labari ya isa Birchi, matarsa Inna Hajara ta sayar da akuyarta ta shiga motar kasuwa. A ƙofar asibiti ta ce tana neman Iro magini, mutumin Birchi. Aka duba mata takarda, aka sake dubawa, aka ce babu mai wannan suna. Ba su yi mata ƙarya ba. Ta wuni a bakin ƙofa, mijinta yana kwance a ciki da rai, ta juyo.

Washegari da hantsi ta same ni a Dutsin-Ma, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta ce, "Ɗana, kai ka kai shi aikin nan, kai ka san takarda. Ina suka kai mini shi?"

Kalma uku kawai ta rage in faɗa mata. In ce, Inna, koma ki ce Musa Talata Mafara, za su buɗe miki ƙofa. Suna bakina, wallahi suna bakina. Amma na san in na faɗa, tambaya ta gaba ita ce wa ya sa masa wannan suna. Sai na ce, "Inna, ki koma gida ki huta, zan bincika." Ta yi mini godiya. Har godiya ta yi mini.

Na ruga wurin akawu. Ya ja tasbaharsa ya ce in kwantar da hankalina, Baturen aikin zai tafi Kaduna ranar Asabar, in ya tafi sai mu sake katin, kowa ya huta. Na yarda, na zauna kwana uku ina jiran Asabar kamar mai jiran ranar kasuwa. Duk satar da na yi a baya, ban ƙidaya ta kome ba a kan kwana ukun nan.

Ranar Asabar na isa asibiti da sabon kati a aljihu. Wani dattijo mai kula da majinyata ya ce, "Malam Musa? Allah ya yi masa rasuwa jiya da safe. An aika garinsu ba wanda ya zo, Musulmi suka yi masa sutura." Ya ƙara da cewa, "A rana ta biyu ya buɗe ido, yana ta duban ƙofa. Mun yi ta kiransa Malam Musa, Malam Musa, bai ko motsa ba, muka ce ko kunnen ne ya tafi."

Ko a nan ban yi gaskiya ba. Na je Birchi na ce ya rasu, na ce kuskuren ma'aikata ne. Asirina ya tonu ne da kamfani ya aika diyya Talata Mafara aka dawo da ita, ba wanda ya san wani Musa magini. Bature ya tara ma'aikata ya kira lambar mamacin, suka ce ai wannan Iro ne na Birchi. Aka zazzage katuna duka a kan tebur.

A gaban alƙali akawu ya rantse bai san kome ba. Aka duba, kowane kati rubutuna ne, babu ko ɗigonsa. Ya fita yana jan tasbaha, daga baya har na ji ya gina gidan bene. Ni aka yanka mini shekara uku. Na daɗe a gidan yari ina cizon yatsa a kansa, ina cewa shi ya cuce ni. Sai da na yi shekara guda kafin na yarda cewa ranar da Inna Hajara ta tsaya a gabana, ba ya wurin. Ni kaɗai ne. Mahaifina bai zo duba ni ba ko sau ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba.

Da aka sake ni ban nufi Kurfi ba, Birchi na fara zuwa. Na same ta tana sussukar gero, na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da sussukarta. Can ta ce, "Kuɗin ba su dame ni ba. Tashi ka kai ni kabarinsa." Muka je Katsina, muka zaga maƙabarta har la'asar, damina uku ta bi ta kan kaburbura, ba wanda ya iya nuna mana. A hanyar dawowa ta tambaye ni sunan da na sa masa. Na faɗa mata. Ta ce, "To da ka faɗa mini wannan a ranar, ai da ni ma na kira shi da shi, in dai za su bar ni in shiga."

Na tuba, na koma noma, ban sake riƙe wa kowa alƙalami ba. Ko ta yafe mini ban sani ba, ta rasu ba ta faɗa ba.

Ku da kuka yi boko, kuna zaune a ofisoshi ana miƙo muku takardun mutane, da ku nake. Ranar da wani mai sanyin murya zai ce muku ai ɗan kuɗin hanya ne, ba haraji, ba mai dubawa, ba na kowa ba ne, ku tashi ku bar masa wurin. Kuma duk wanda ya dangwala yatsa ya tambaye ku me kuka rubuta, ku karanta masa da ƙarfi ya ji. Ni Kawuna ya tambaye ni, ya kuma sa mini albarka, yanzu ko inda zan tsaya in yi masa addu'a ban sani ba.