Kunnen Jikar Kar-ka-motsa

Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni. Kowa a layinsu Kar-ka-motsa yake ce masa, don ita ce kalmar da yake jefa wa mutane tun yana saurayi, ido a manne da kyamara. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: labule mai zanen teku, kujera mai gurguwar ƙafa, da wani mataji da rabin unguwa suka taje kai da shi.

Taurin kai kam Allah ya ba shi. Da kyamarorin zamani suka shigo, ta bana ta fi ta bara kaifi, shi sai tsaki. "Wannan ai tonon silili ne," in ji shi. "Mutum ya zo a fito da shi fes, ku tsaya ƙirga masa ƙuraje? Nan gaba har abin da ya ci jiya za ta nuna." A wurinsa hoto mai kyau shi ne mai rufa asiri.

Sai idanunsa suka fara dushewa. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce abin gaba zai yi. Ya rufe shago ba ƙorafi. Abin da ya ci masa rai ɗaya ne: autarsa ta haihu, aka ɗora masa jaririya a cinya, ya sunkuya har numfashinta na taɓa shi, amma bai ga komai ba sai inuwa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kallon fuskokin 'ya'yan wasu! Wallahi abin ya ba ni tausayi.

Wata safiya Auta ta shigo da sabuwar kyamarar mijinta.

"Baba, ga abokiyar gabarka na kawo maka."

"Mayar musu da abarsu."

"Sai ka ɗauki hoton jikarka tukuna."

Ya karɓa yana gunaguni, Auta ta saita masa hannu. "Kar ki motsa!" ya ce wa jaririyar da ke sharar barci, Auta kuwa me za ta yi in ba dariya ba.

Ta haɗa kyamarar da babbar talabijin, ta zaunar da shi daf da ita, ta yi ta faɗaɗa hoton har ido ɗaya ya cika gilashin, bai dushe ba. Tsoho ya ƙura ido. Ga gashin ido, ɗaya bayan ɗaya.

"Matsar da hoton gefe," ya ce a hankali.

Hanci ya wuce, kumatu ya wuce. Da aka zo kunne ya ɗaga hannu. Samansa a lanƙwashe yake kaɗan, sak na marigayiya matarsa. Ya shafa gilashin da yatsa, hawaye na bin gemunsa.

"Kunnen mamanki ne, Auta."

Ya ci gaba da kallo, sannan ya tambaya:

"Kyamarar da za su yi baɗi, za ta fi wannan kaifi?"

"Za ta fi, Baba."

"To, su yi sauri."