Deborah da Haƙoran Jumare

A Birnin Gwari aka haifi Deborah Auta, ko da yake iyayenta mutanen Kachiya ne. Koyarwa ce ta kawo mahaifinta, ya fara a wata firamare a Tsohon Birnin Gwari kafin a dawo da shi cikin gari. Da Deborah ta gama sakandare aikin jinya ta so, ba ta samu gurbi ba. Wata 'yar cocinsu ta ce mata ana ɗaukar ɗalibai a sashen kula da haƙori a Kaduna. Ta tafi ba don tana so ba, sai ga shi karatun ya karɓe ta.

Ita ba likita ba ce. Aikinta wankin haƙori, da ciko, da cire wanda ya riga ya lalace. Amma a garin kowa Likita yake ce mata, ta yi ta gyara musu har ta gaji ta bari.

Bayan makaranta ta yi aiki a wani asibitin kuɗi a Kaduna, ƙarƙashin wata likita mai tsanani, kuma a nan ta koyi guga. Idan an cike haƙori da farin ciko, an haska masa shuɗiyar fitila ya daskare, da sauran aiki, don samansa da kaushi, gefensa da tudu. Sai a bi shi da wasu ƙananan faya-fayi masu kama da samfefa, a fara da mai kaushi a gangaro zuwa mai laushi. A zura wani siririn tsiri mai yashi-yashi tsakanin haƙora, sannan a ƙarasa da roba da man guga. Cikon da ba a goge ba yana kama datti, yana rinewa, yana kumbura dasashi. Likitar ba ta sallamar kowa sai ya shafa wurin da harshensa ya ce bai ji komai ba.

Da mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta ƙi barin gidan da suka gina. Deborah ta nemi aikin gwamnati ta dawo gida, a daidai shekarun da ma'aikata ke neman hanyar barin garin saboda 'yan bindigar daji. A ɗakin haƙori na asibitin garin ta tarar da kujera ɗaya, da injin iska da ba ya tashi sai an kunna janareta. Mutane kuma ba sa zuwa sai kunci ya kumbura, kuma maganarsu ɗaya ce: a cire. Faya-fayin guga daga Kaduna take sa wani direba ya taho mata da su, in an samu rakiyar sojoji motoci sun wuce. In hanya ta rufe, takan raba tsiri ɗaya biyu da almakashi.

Wata ranar kasuwa, farkon damina, wani dillalin shanu ya shigo mata da wani Bafulatani mai suna Jumare. Dogo ne, ya fara furfura, ya rufe bakinsa da gefen rawani. Dillalin ne ya yi bayani. Rugarsu Jumare tana bayan Dogon Dawa. Mutanen daji sun kore masa shanu, ya bi sawu, suka kama shi suka riƙe. A can wani daga cikinsu ya doke shi da gindin bindiga a baki. An sako shi da daɗewa, amma ba ya cin abinci cikin mutane, ba ya doguwar magana.

Deborah ta ce, "Malam Jumare, a buɗe mini in gani."

Ya sauke rawanin a hankali. Haƙoransa biyu na gaba sun ɓare a karkace, bakinsu da kaifi kamar fasasshiyar kwalba.

Ya ce, "A cire su kawai, Likita."

Ta ƙwanƙwasa su, ta sa musu ruwan sanyi, ta duba dasashin. Ta ce, "Waɗannan da ransu. Ba zan cire ba. Zan gina maka abin da ya ɓalle."

Bai yarda ba sai da dillalin ya sa baki. Ta zaɓi ciko mai kalar haƙoransa, ta riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan tana haskawa, har haƙoran suka dawo da tsawonsu. Ta ɗaura faifan farko a kan injin ke nan janareta ya yi tari ya mutu. Aka nemo makaniki, ya ce sai an samo wani ƙarfe daga Funtuwa. Deborah ta rage abin da za ta iya da tsiri a hannu, amma bayan haƙoran, inda harshe ke kwanciya, tudun yana nan.

Ta ce, "Ban gama ba. Ka dawo kasuwa mai zuwa. Kada ka ci goro, kada ka gatsa abu mai tauri."

Ya ce to.

Bai dawo ba. A makon aka kai hari a hanyar Dogon Dawa, motoci suka daina bi, daga baya kuma aka katse layukan waya a yankin. Ta tambayi dillalin, ya ce shi ma ba shi da labari. Abin ya tsaya mata a rai. Ta sha sallamar mutane da ciwon da ba ta da maganinsa, amma ba ta taɓa sallamar mutum da aikinta a rabi ba. Ta ware faya-fayi sababbi ta ajiye a durowa, ko da na aiki suka ƙare ba ta taɓa su ba.

Sai bayan an yanke dawa ya shigo, shi kaɗai. Cikon ya rine ya yi ja-ja da goro da shayi, dasashin ya kumbura, gefen harshensa da miki. Da ta haska sosai sai ta ga wasu ƙarce-ƙarce masu zurfi, har sun ci lafiyayyen haƙorin.

Ta ce, "Me ka sa a nan?"

Ya ce, "Magagari. Na aro wurin maƙeri."

"Magagarin da ake wasa gatari? Malam Jumare, ka san abin da ka cinye ba ya tsirowa?"

Ya ce, "Likita, ba zafin ne ya dame ni ba. Duk sanda harshena ya taɓa wurin nan sai in ga fuskar wanda ya doke ni. Ina salla ina ganinsa. Shi ya sa na ce ko zan iya share shi."

Ba ta ƙara yi masa faɗa ba. Ta aika a kunna janareta, ta wanke masa bakin, ta ƙara ciko inda magagari ya ci. Sannan ta buɗe durowa. Ta fara da faifai mai kaushi ta rage tudun, tana fesa ruwa kada haƙorin ya ɗau zafi. Ta sa masa shuɗiyar takarda ya ciza, ta ga inda ya yi tsayi, ta rage. Ta canza faifai, ta sake canzawa, kowane ya fi na baya laushi. Ta zura tsiri tsakanin haƙoran biyu tana ja tana saki. Da ta kai kan roba da man guga, jan ya fita, cikon ya ɗauki sheƙi irin na sauran haƙoran.

Ta miƙa masa madubi, ya ture. Ya rufe baki, ta ga harshensa yana yawo a bayan leɓe, ya je ya dawo.

Ya ce, "Ina wurin yake?"

Ta ce, "Yana nan. Ka ba shi kwana biyu kafin goro."

Ya kurkure baki, ya yi godiya, ya fita da rawanin a kafaɗa.

Da rani ya aiko mata da man shanu a ƙwarya ta hannun dillalin, tare da saƙon cewa ya kwashe iyalinsa da ragowar dabbobinsa sun koma wajen 'yan'uwansa a Bauchi. Ba ta sake ganinsa ba.

Deborah tana nan a asibitin. Mahaifiyarta ta tsufa, Deborah ce take kwana da ita. An sa wa ɗakin nata sola, injin iska yana tashi ko babu janareta. Yawancin masu zuwa har yanzu cirewa suke nema, tana kuwa cire wanda ya mutu. Wanda yake da rai takan zauna ta yi ta lallashin mai shi, wani ya yarda, wani ya tashi ya tafi wurin mai cirewa a kasuwa.