Naɗin Ƙwaurin da Na Tsinta a Gwanjo

Warin kafur ne ya tsayar da ni. Bayan aikin hajji ne, lokacin da unguwar Aziziyya ta Makka kan yi fayau, masu gidajen haya su fito da tarkacen da aka bari, 'yan gwanjo su kwashe su baza a gefen titi. Labule na je nema wa ɗakina na unguwar Kudai, inda nake zaune ni kaɗai tun rasuwar maigidana. Ina tona tarin tsummoki sai hannuna ya faɗa kan wasu dunƙule guda biyu masu kaushi, launin busasshiyar ciyawa.

Wataƙila ba ka taɓa ganin irinsa ba. Dogon ƙyalle ne mai faɗin tafin hannu, da igiya a ƙarshensa, wanda sojojin zamanin da suke naɗewa daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa. Kakana na wajen uba yana da irinsa. Ya yi soja a yaƙin Turawa, da aka sallame shi bai daɗe a gida ba, ya ɗauki kakata da babana yana goye suka nufo gabas a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suna yada zango suna ƙwadago. A Makka aka haife ni, a wani gida na duwatsu da kwano a kan tudu, inda ake jin kiran sallar Harami kamar a tsakar gida.

Idan sanyi ya shigo, iska tana kurɗowa ta tsakanin duwatsun, kakata takan hura gawayi ta ɗora shayi. A irin wannan safiya kakana yakan jawo akwatinsa na ƙarfe, ya tattare riga, ya naɗe ƙafafunsa a hankali, ya zauna a ƙofar gida. Ba inda za shi. Maƙwabta su wuce suna murmushi, yara su tsaya kallo. A duk tudun nan babu wanda suka yi soja tare, babu wanda zai ce masa ka tuna kaza. Idan rana ta ɗaga ya kwance, ni ce mai dunƙule masa.

"Amaryata," in ji shi wata rana, "na gaske ulu ne zalla. Ƙona zarensa ki ji, ƙaurin gashi yake."

Ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na tambaye shi dalili, ya nuna kakata da haɓa. A dajin Sudan tafin ƙafarta ya tsage, ya yanki kamu guda ya ɗaure mata. Ita kuwa ba ta ɗago daga kan murhu ba.

Ya rasu ban kai aure ba. Akwatin ya zauna a ɗakin babana har shekarar da aka rushe unguwar. Kowa ya kwashi abin da zai iya ɗauka, ni kuma ina kwance da jego. Da na tambaya daga baya, wannan ya ce yana wurin wancan, wancan ya ce bai gani ba.

Shi ya sa na durƙusa a gaban mai gwanjon nan, wani ɗan Nijar mai ƙananan shekaru.

"Asli ne, ya Hajiya, wallahi," in ji shi.

"Ba ni ashana, ɗan nan."

Na zare zare ɗaya na kusanta shi da wuta. Bai narke ba, bai dunƙule kamar leda ba. Ya ƙone ya zama toka, ƙaurin gashi ya bugi hancina. Na duba igiyar, ɗinkin hannu ne. Asu ya ci gefe. Na shimfiɗa su biyun a ƙasa, na daidaita kawunansu, na bi su da hannu har ƙarshe. Tsawonsu ɗaya. Na ja guda ko zai miƙe ya wuce ɗan'uwansa, bai miƙe ba.

"Lafiyarsu ƙalau, Hajiya, ba a taɓa yanka su ba."

"Na gani," na ce.

Na gaske ne, amma na kakan wani ne. Duk da haka na saya, don na kasa mayar da su cikin tsummoki.

Ranar Juma'a ɗana ya zo daga Jidda da 'yarsa. Yarinyar ta gan su a kan gado, ta tambaya da Larabci mene ne wannan. Na gyara zama na fara ba ta labari da Hausa, tun daga akwatin. Ta dubi ubanta. Shi kuma ya ce mata bandejin sojoji ne na da. Ta gyaɗa kai ta koma kan wayarta. Kafin la'asar sun kama hanya.

Da suka tafi na kulle ƙofa, na miƙe ƙafa na gwada naɗawa. Ina kaiwa ƙwauri sai ya zame ya zube. Na sake, ya sake zubewa. A nan na gane dunƙulewa kawai na iya, ban taɓa cewa ya koya mini ɗaurawa ba. Tudun namu yanzu an baje shi, benaye ne a wurin, in na wuce a bas ba na ma iya nuna inda ƙofarmu take. Wanda zan tambaya ta ina ake fara naɗin, babu shi a garin nan.