Geron da Na Tuge a Zawaciki

Wata Asabar cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, a-kori-kura ta sauke mu, ni da iyayena da yayyena, a Zawaciki da gado biyu da keken ɗinkin Umma. Masaƙar da Baba yake wa aiki a Bompai ta rufe, hayar Nassarawa ta fi ƙarfinmu, ya samu gadi a Challawa, muka kama ɗaki biyu a gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa. Ranar Umma ko loma ba ta kai baki ba.

Ni kuwa komai abin kallo ne a wurina. Yarinyar da ta saba da famfo da jiniyar kamfani, ga ni ina leƙa rijiya, ina bin zabi har bayan gari, ina tambayar laifin da awaki suka yi aka ɗaure su duk damina. In na jawo guga rabin ruwan a jikina yake ƙarewa, yara suna tafi suna kirana 'yar birni. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ciyawar bayan ɗakinmu: ta Zawaciki a jere take fitowa, layi-layi. Na tuna Umma da "tsafta cikon addini ce", na ce bari in faranta mata. Da hantsi na tuge ta tas, na tara, na kira ta da alfahari.

Umma ta dafe ƙirji. "Kin kashe mu, geron Iya ne!" Sai a lokacin tsoro ya kama ni, domin na san in tsohuwar nan ta kore mu ba mu da wurin zuwa. Umma ta ja mayafi, ta riƙo hannuna muka je muka durƙusa. Iya Tabawa ta taso, ta ɗauki tushe ɗaya, ta daɗe tana duba saiwarsa, sannan ta fashe da dariya. "Da saiwa kika ciro, ashe kin iya aiki. Ɗauko fartanya, ƙasa da danshi." Mu uku muka wuni muna dashe. Da na ga ganyen ya langaɓe na fara kuka, sai ta ce, "Dashe kwana uku yake fushi, sannan ya miƙe." Ba ni take kallo ba, Umma take kallo.

Kullum da safe sai na je na tsuguna a kansa. Rana ta huɗu ganyen ya ɗago. Da kaka ta yi, Umma ce ta dama mana kunun geron, suna ta hira da Iya a bakin murhu.

Yau shagunan bulo ne a wurin gonar, hayar Zawacikin ma ta fara korar mutane gaba, 'ya'yana kuwa ba su san gero ba sai a kwano. Sau biyu yayyena suka nemi mayar da Umma cikin gari, ta ƙi. A Zawaciki muka binne ta.